Irin Gyaɗata a Asusun Makaranta

Mu biyar ne a zaure ranar: ni, da maigidana da ƙafa ta zaunar, da ƙanwarsa da ba ta rasa wurin kallo, da jikana ɗan sakandare, sai malaminsu da na aika a kira mini. Shekarar da ake ta surutun 'yancin kai ne, ruwan farko kuma ya sauka kwana biyu kafin nan.

Ga abin da ya tara mu. Kowace kaka nakan zaɓe gyaɗa mai ƙwari daga gonarmu ta Tirwun, in gauraya da toka, in zuba a tulu uku, in liƙe bakinsu da laka. Wannan iri ne. Ko yunwa ta shigo gidan ba a taɓa shi. Da ruwa ya sauka na shiga ɗaki in fasa, sai na tarar an riga ni. Tulunan nan wayam.

Jikan nawa bai ma yi musu ba. Wai a aji an koya musu cewa kaya a sayar da shi sa'ad da ya yi tsada, kuma dukiyar da ke kwance a ɗaki matacciya ce. Ya ji gyaɗa ta yi kuɗi a kasuwa, ya kwashe a ɓoye ya sayar, ya kai kuɗin asusun da malamin ya buɗe wa ɗalibai, don ya ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni.

Malamin ya zo a kan keke, da alƙalami biyu a aljihu, gemu ko ɗaya babu. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Sannan ya shiga bayani: Turawa sun kusa tafiya, dole yaranmu su iya tattali, yaron ya nuna basira. Ƙanwar maigida sai gyaɗa kai take yi kamar tana ganewa.

Na bar shi ya gama, na ce, "Malam, me ya sa gyaɗa take tsada yanzu?"

Ya ce, "Saboda masu nema sun yi yawa, Inna."

"Su wa ke nema?"

Maigida ya amsa masa daga kan tabarma, ya ce masu shuka ne, kuma yau mun shiga cikinsu.

Na ce to a ba ni kuɗin in je in sayo, ko da rabi zan samu. Nan ya fara share gumi. Wai dokar asusun ba a buɗewa sai ƙarshen zango, don yara su koyi haƙuri. Ƙarshen zangon nan gyaɗar mutane ta yi fure. Ya ce zai yi magana da shugaban makaranta in ya dawo daga Jos. Ban tambaye shi ko ruwan ma zai jira shugaban ba, na dai ce ya gaida gida.

Washegari da asuba na kwance akuyata mai ciki, na tashi angon nawa, wato jikan, na ce ya sa kayan makarantarsa, farare tas, amma ba makaranta za shi ba. Na miƙa masa igiya. Daga gidanmu na Ƙofar Ran har Tirwun shi ya ja ta, ni ina biye. Can na ba ƙanena akuyar ya auno mini iri, bai kai tulu biyu ba. Na ɗora wa yaron a ka, muka wuce gona, na ba shi sungumi.