Sadakar da Raki Ta Raba a Ɗaki Na Sha Huɗu

Duk wanda ya san Raki ya san ba ta iya ganin abu ta wuce shi salin-alin. Tun tana yarinya a Malumfashi, in mai gyaran rediyo ya kwance akwati, kanta ne ke riga nasa leƙawa ciki. Aure ya kai ta Birmingham, inda mijinta Maikano ya je karatu. Shekara shida suka yi a Handsworth, sannan aiki ya mai da su Manchester, suka kama gida a Ardwick. A nan ta sami aikin shara da goge-goge a ginin ɗalibai na wata jami'a, daga shida na safe zuwa azahar. Wasu na ɓoye irin wannan aiki kamar abin kunya. Ita kuwa makaranta ta ɗauke shi, tunda kowane ɗaki ta buɗe sai ta tarar da mutanen wata ƙasa, ga tambaya cike da bakinta.

Ɗaki na sha huɗu ya fi kwanta mata a rai. Na ƙungiyar ɗalibai da ma'aikata ne 'yan Latin Amurka, har da waɗanda aka haifa a Amurka amma iyayensu mutanen Meziko ne, masu kiran kansu Chicano. Su ke tarbar sabon zuwa, su nema masa masauki, su raka shi wurin likita in Turancinsa bai nuna ba. Shugabarsu Celestina, ma'aikaciyar laburare, ita ma Chicano ce. Raki na son su don suna gaisuwa da kyau, kuma ta taɓa kama su suna shan zoɓo, abin da ta yi mako guda tana ba Maikano labarinsa.

Farkon watan Nuwamba ta shiga ta tarar da tebur an shirya shi hawa uku. Ga furanni ruwan ɗorawa, ga hotunan tsofaffi, ga burodi da lemo, ga wani abu kamar alala a naɗe cikin ɓawon masara. Ta tsare wata ɗaliba da tambaya. Yarinyar ta ce wannan ranar tuna mamatansu ce, abincin kuma nasu ne, na waɗanda suka rasu.

Raki ta gyaɗa kai, don a ganinta ta gane sarai. A gida ma ai haka ake yi: a soya waina ko ƙosai, a raba wa mutane, ladan ya kai ga mamaci. Abin da ya dame ta shi ne da ta dawo washegari da safe, abincin na nan yadda aka ajiye shi. Tausayinsu ya kama ta. Baƙi ne, ba su san wa za su ba ba, ga sadakar iyayensu za ta lalace a kan tebur. Sai ta ɗauko faranti ta kwashe, ta bi gini ɗaki-ɗaki. Ta fara da Dalyop mai gadi, mutumin Jos.

"Maman Widad, wannan fa? Birthday ake yi?" in ji shi, don da sunan 'yarta yake kiranta.

"Sadaka ce, Dalyop. Ka ci, ka yi wa mamatansu addu'a irin taku. Ga hoton wani dattijo mai malafa a sama, shi na fi tausaya wa."

Ba wanda ta ba sai da ta tsaya a kansa ya yi addu'a, har da wani ɗalibi da ya ce shi ba ya addini. Ta ce to ya yi fatan alheri, shi ma ba a rasa ba.

Kafin sha ɗaya shugabar masu shara, Rachel, ta kira ta ofis. Ƙungiya ta kai ƙara an kwashe musu kaya. Dokar aiki kuwa a fili take: mai shara ba ya taɓa abin da ke kan tebur, kuma Raki na da gargaɗi ɗaya tun ranar da ta buɗe wani akwatin kayan kiɗa don ta ga cikinsa. Na biyu kora ce. Wannan aiki kuwa shi ne nata na kanta a ƙasar nan, kuma tana son sa.

Celestina na zaune a ofishin, idonta ja. Ta ce a al'adarsu ba a taɓa abincin sai ranar ta wuce, don suna ɗauka mamatan na zuwa ziyara. Dattijo mai malafa mahaifinta ne, kuma da hannunta ta dafa abin da ya fi so.

Raki ta ji kunya har cikin ƙashinta. Ta ba da haƙuri, ba ta kare kanta ba. Amma da aka tambaye ta ina ta kai abincin, ta faɗi gaskiya: ta raba, yadda ake yi a garinsu, wanda ya ci ya roƙa wa mamaci rahama.

"Mutum nawa?" in ji Celestina.

Raki ta ƙirga da yatsu. "Goma sha tara."

"Duk sun yi masa addu'a?"

"Ai ban bar kowa ya haɗiye ba sai da ya yi."

Rachel ta fara gyara takardu. Can Celestina ta ce mahaifinta lokacin korona ya rasu, an hana taro, ita ma ta waya ta kalli jana'izar daga Manchester. Mutum huɗu ne suka tsaya a kabarinsa.

Ta miƙa hannu ta janye takardar ƙarar daga gaban Rachel, ta ninke ta. Sannan ta dubi Raki.

"Zo ki nuna mini su. Ina so in gaya musu sunansa."