Baba Akinrinade, Mai Kwafe Mana Kiɗa a Ibadan

Ƙarfe bakwai na safe Baba Akinrinade yake buɗe ɗakinsa a bayan zauren da muke atisaye, ya fere fensir, ya zauna. Shekara talatin da shida aikinsa ke nan: mai tsara kiɗa ya kawo zanensa kamar tonon kaza, Baba ya fitar wa kowane makaɗi nasa rabon a takarda fes. Ni goge nake ja a ƙungiyar makaɗanmu, kuma ban taɓa ganin sunansa a takardar shirin da ake raba wa 'yan kallo ba.

Bara ne ya ruɗa mu. Dokta Falade, mai tsara mana kiɗa, ya ɗora sabon aiki a kan wata tsohuwar waƙar yaƙin Kiriji na ƙasar Yarbawa, ta matan da mazansu ba su dawo ba. Saura mako uku a gabatar, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, bakinsa ya mutu. Shafi tara na ƙarshe kuwa duk goge-goge ne da kibiyoyi.

Muka gwada bugawa, kowa ya kama gabansa. Anti Morenike mai piyano ta ce, "Baba, wannan kiɗa ne ko taswirar kasuwar Dugbe? Ta ina ake shiga?"

Ya ce, "Ni ma ban sani ba, 'yata. Zan je in tambaye shi."

"Mutumin da ba ya magana?"

Ya naɗe takardun ya fita. Matar Dokta ta ba mu labarin sauran. Kullum da hantsi Baba yana bakin gadon asibiti, yana rera layi ɗaya da muryarsa mai kaushi. In daidai ne, Dokta ya matse masa hannu. In ba daidai ba, Baba ya sake wata hanyar. Wani layin sai da ya ci kwana biyu. Amma ta ce akwai ranakun da Dokta bai farka ba sam, kuma Baba ya ci gaba da rubutu.

Aka gabatar, zaure ya cika, tsofaffi suna share ido. Na tare Baba a ƙofa na ce, "Baba, don Allah, wanne ne na Dokta, wanne ne naka?"

Ya ce, "Ɗazu gogenka ya yi saurin shiga a shafi na shida. Je ka gyara."

Baba, kai ne ka san amsar, ka kuma ƙi faɗa. Yanzu idonka ya gaji, za ka ajiye aiki ƙarshen wata, mu kuwa mun rasa me za mu kira ka: magatakarda, ko mai tsara kiɗan da ya ɓoye mana kansa. Mun gode, mai hannun zinari. Masu tasowa su koyi irin wannan riƙon amana. Mun roƙi Baba mu sa sunansa a bangon aikin, ya ce a bar na Dokta shi kaɗai, don yana raye, kuma zai gani.