Gadar Igiya da Agarar Baba

Ina da shekara tara lokacin da sojoji suka yi tawaye a Bangui. Mu a unguwar Kilomita Biyar, da an idar da magariba sai a rufe ƙofa, a zauna a tsakar gida kusa da murhun gawayin kakata, Iya. Tana tuƙa gozo, wato tuwon rogo, tana ba mu tatsuniya, don kada kunnuwanmu su tafi wajen ƙarar bindiga. Ni kuwa ƙirga harbin nake yi a zuci.

"Uwar tsoro, matso nan," in ji ta. "In harsashin ya zo sai ki ce masa ba ki gama cin abinci ba."

Baba kura yake turawa a kasuwa. Ranar da harbi ya tarwatsa mutane, ya tsallake wata kwata da gudu, agarar ƙafarsa ta dama ta tsage. Hanyar asibiti duk shingaye ne, sai aka kira mai ɗori daga unguwar Yakité. Ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kwana arba'in kada a kwance, kada ta taka ƙasa.

Amma ɗaurin yana damun Baba. Kullum da safe, in Iya ta fita neman ganyen rogo, sai ya ce, "Hajara, ɗan sassauta mini." Ni kuma ba na iya ganinsa yana cije leɓe. Sai in kwance, in gasa wurin da ruwan zafi, in murza da man kaɗanya iya ƙarfina. A tunanina yawan murzar ne zai kawo sauƙi da wuri. Sannan in mayar da ɗaurin yadda na same shi.

Wata yamma Iya ta kama hannuna, ta shinshina, ta ji ƙanshin man kaɗanya. Da muka zauna jin tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya."

Wai wani ƙauye ne a bakin rafi, da gadar igiya. Wata tsohuwa ke kula da ita, da 'ya'yanta biyu. Babbar, Warwara, aikinta cire zaren da ya ruɓe don uwar ta saka sabo. Ƙaramar, Ya'isa, ba ta da aiki sai riƙe hannun yayarta in ta cire iya wanda ya ruɓe. Rannan itace ya faɗa wa gadar, mutane suka ƙagu a gyara. Suka ce wannan ƙaramar ita ke ɓata lokaci, suka aike ta ɗebo ruwa a nesa. Warwara ta yi ta cira, ta cinye ruɓaɓɓe, ta shiga mai kyau, har wanda uwar ta saka da safe. Mutumin farko da ya hau, gadar ta tafi da shi.

"To Warwara muguwa ce?" na tambaya.

"Ina fa. Ba don ita ba, da gadar ta ruɓe tuntuni. Ƙwazo ne ya yi mata yawa, ba mai riƙe ta." Ta dube ni. "Ta ƙare a nan. Wanda ya ji, ya ji."

Na ji, amma ban daina ba. Juma'a ta uku Baba ya ce ƙafar ta yi sauƙi, zai je Masallacin Koudoukou. Ni na miƙo masa takalmansa. Mutum biyu suka dawo da shi a kafaɗa. Bai sake tura kura ba, kuma da ɗingishi ya yi sauran rayuwarsa.

Bayan shekaru, na kai ɗana asibiti da ciwon gwiwa, na yi ƙarfin hali na ba likitan labarin Baba. Ya ce a jikin mutum akwai wasu sinadarai masu narkar da zaren jijiyar da ya lalace don sabo ya samu wuri, akwai kuma wasu masu taka musu birki. In aka dami ciwon tun bai haɗe ba, masu narkarwar kan rinjayi masu hanawar, jijiyar ta yi rauni. Nan take na tuna da tatsuniyar Iya. 'Ya'yan tsohuwar nan ne yake faɗa mini.

"Dokta, ni ce ke nan?"

Ya ce, "Hajiya, agarar da ta tsage haka, ko ba a taɓa ta ba, ba lalle ta haɗe ba sai da ɗinki. Ba wanda zai iya ce miki ke ce."

Bai ce ba ni ba ce. Wannan na riƙe.

Iya ta rasu, Baba ma haka, kuma ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi. Abin da na daɗe ban lura ba shi ne, a daren nan, tun daga farkon tatsuniyar har ƙarshenta, Iya ba ta saki hannuna ba. Ni ce na zare shi, da ta juya ta sauke tukunya.