Lita Ukun Abu Sakhar

Kwana shida a mako, ba wanda ya kai Awwad Abu Sakhar tafiyar hawainiya a duk garin Zarƙa, can ƙasar Larabawa. Gas yake sayarwa. Tun da hantsi yake loda tukwane a bayan a-kori-kura, ya kunna 'yar waƙar da masu gas ke sanar da isowarsu da ita, ya bi lungu-lungu yana jan mota kamar mai rakiyar gawa. In ya kuskura ya taka totur, wata tsohuwa a hawa na huɗu za ta leƙo ta taga ta wanke shi tas, wai ya wuce kafin ta gama neman mayafi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Da shi ya aurar da 'ya'ya mata uku, da shi ya kai ɗansa Sakhar jami'a. Bai taɓa cewa yana son sana'ar ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa.

Ran Juma'a kuwa wani mutum ne daban.

A wani tsohon filin ajiye motoci da ke bayan gari ƙungiyarmu ke tsere. Ana jera robobi masu tsini su fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo ne abokin karawarta. Ka ture roba, a ƙara maka daƙiƙa biyar. Ka ɓata hanya, ko wani ya sa hannu ya tura ka, to ba ka da lokaci, kamar ba ka zo ba. Kyautar kuwa kofi ne na gwangwani, ko shayi ba ya riƙewa.

Abu Sakhar yana da shekara talatin da takwas ya fara ganin abin. Gas ya kai wa mai suyar falafel, ƙosan Larabawa, a bakin filin, sai ya tsaya kallo, ya manta da a-kori-kura tana ta rera waƙarta har awa biyu. Kafin shekara ta zagayo ya sayi wata gawar mota ƙirar shekarun tamanin, shi da amininsa Mu'allim Zuhdi bakanike suka tashe ta. Ya sa mata suna Gazala. Sauran jama'a Hajja suke ce mata, saboda shekarunta. Aka ba shi lamba arba'in da bakwai, ya fenta ta da hannunsa a ƙofa, shekara goma sha tara ke nan ba ta sauka ba. Kofi huɗu ya ci a cikinsu, kuma har gobe yana iya gaya maka lokacin kowanne.

Aƙidarsa guda ce: nauyi ne abokin gaba. Ya cire kujerun baya, ya cire ta mai zaman banza, ya cire kafet da rediyo da safaya. Ya cire batir ya sa ɗan ƙarami irin na babur, wanda tashi ɗaya yake iya yi wa injin, daga nan sai turi. Ran tsere ko karyawa ba ya yi. Sannan ga sirrinsa, wanda ko Zuhdi bai sani ba: kafin a kira lambarsa, sai ya ja Gazala bayan tankar ruwa, ya zura tiyo, ya zuƙe man tanki cikin jarka, ya bar lita uku cif. A lissafinsa, duk wanda ya shiga fili da cikakken tanki, da buhun siminti ya shiga.

A bana aka yi sabon kwamiti, aka ɗora Injiniya Mu'utaz a kai, wani matashi mai fara'a da tabarau mai tsada. Abu biyu suka kawo. Na farko, a tsakiyar hanya suka sa da'ira: sai mota ta kewaye wasu robobi sau biyu cur, a guje, tana kwance a gefe guda. Na biyu, doka: duk wanda ya ƙare shekara bai samu lokaci ko guda ba, an karɓe lambarsa, ba shi ba rajista baɗi. Wai don a rage ɓata wa jama'a lokaci. Kowa ya san tsofaffin motoci ake nufi, amma da yake an buga abin a takarda mai kan sarki, sai aka yi ta gyaɗa kai.

Gasa uku ake yi a shekara. A ta farko Gazala ta shiga da'ira ta yi tari sau biyu ta mutu murus. A ta biyu ma haka, a daidai wurin. Zuhdi ya canza famfon mai, ya canza fulogi, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. A kan titin Mafraƙ sai ka ce za ta tashi sama. Ta shiga da'ira, sai gawa.

Yau ce Juma'ar ƙarshe, kuma shiga uku kowa ke da shi. Abu Sakhar na bukatar ya kai layi sau ɗaya tak, in ba haka ba lamba ta tafi.

Da sassafe aka buɗe fili direbobi su taka hanya da ƙafa, kamar yadda aka saba, don kowace gasa da irin jerin robobinta. Suna tafe suna nuni da hannu, wasu na murza sitiyarin iska. Abu Sakhar, wanda kullum shi ke gaba a wannan tattaki har yana koya wa na baya, yau yana ƙarƙashin Gazala yana ɗaure wata waya da yake zargi. Da ya fito an riga an ja igiya. Bai damu ba. Hankalinsa duk yana kan da'ira.

Shiga na farko ya tashi da ƙarfi, taya na kuka. Kwana uku ya sha su kamar ruwa. Ya faɗa da'ira, zagaye ɗaya, ɗaya da rabi, sai tari, sai shiru. Ya murza makulli, ɗan batir ya yi ƙugi ya yi ɗif.

"Mai gas! Tukunya ɗaya a nan!" in ji wani daga cikin 'yan kallo.

"A kai Hajja gida ta huta mana, ku ji tsoron Allah!"

Mutum huɗu suka turo shi waje. Bai cire hular kwano ba sai da suka kai inuwar da matarsa, Ummu Sakhar, ke zaune a kan kujerar naɗewa da fulas ɗin shayi. Zuhdi ya ɗaga bonet, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Wallahi Abu Sakhar na gaji," ya ce. "Famfo sabo, fulogi sabo, waya sabuwa. Aljanu ne a da'irar nan ko me?"

"Kai ne bakanike, ni kake tambaya?"

"Ko dai yunwa take ji?" in ji Ummu Sakhar tana zuba shayi. "Shi bai ci ba, ita ma ba ya barinta ta sha."

Zuhdi ya waigo. "Ban gane ba, 'yar'uwa."

"Man da yake zuƙewa mana. Ga jarkar nan ƙarƙashin kujerata, tun safe warinsa ke sa ni ciwon kai."

Abu Sakhar ya zabga mata harara. Ita kuwa ko a jikinta, don ba wanda ya taɓa ce mata sirri ne.

"Lita nawa kake bari?" Zuhdi ya tambaya a hankali.

Abu Sakhar ya kau da kai, ya shiga goge hular kwano.

"Awwad, da kai nake."

"Uku."

"Uku! La ilaha illallahu!" Zuhdi ya fizge kofin shayin daga hannun Ummu Sakhar, ya kwankwaɗe, ya bar ɗan kaɗan a ƙasa, ya karkata kofin a gaban hancin Abu Sakhar. "Duba nan, ya gwani! Ka kwantar da mota a gefe guda har zagaye biyu, ina man zai tafi? Bango! Famfo kuma me zai zuƙa? Iska! Wata shida ina birgima a ƙarƙashin motarka, matata na cewa na fara taɓuwa, ashe kai ne aljanin!"

Kunya ta kama Abu Sakhar har cikin ƙashinsa, amma ba a haife shi don ya ce ya yi kuskure ba.

"Shekara goma sha takwas lita uku na kai ni," ya ce. "Da'irarsu ce ba ta da mutunci."

"To je ka gaya wa da'irar. Ni dai miƙo jarka."

Suka juye man duka, suka tura Gazala ta tashi. Shiga na biyu, Abu Sakhar ya ji nauyin a bayansa, ya tsani kowace lita. Ya faɗa da'ira yana cije haƙora. Zagaye ɗaya. Ɗaya da rabi. Biyu! Injin na ruri, ko tari babu. Ya kurma ihu a cikin hula, ya taka totur har ƙasa, ya ɗago ido, sai ya ga robobi birjik a gabansa, hagu da dama, bai san ta inda ake bi ba. Bai taka hanyar da ƙafa ba, bai kuma taɓa wuce da'ira ba balle ya gani. Ya zaɓi dama. Jar tuta ta tashi, alamar ya ɓata hanya.

Wannan karon ba a ma yi dariya sosai ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ana shirin tafiya masallaci Injiniya Mu'utaz ya iso, ya gaishe shi da ladabi kamar ƙanin ubansa, yana kiransa Ammi, wato Baffa.

"Ammi Abu Sakhar, ka yi wa wasan nan hidima, kowa ya sani. Muna bukatar dattijo a kan tuta baɗi. Ga kujera, ga lema, ga abincin rana."

"Tuta? In zauna ina kaɗa wa 'ya'yan cikina tsumma?"

"Ba haka nake nufi ba, Ammi."

"Ka bar ni in taka hanyar nan da ƙafa, minti biyar."

"An rufe tun safe. In na buɗe maka, sai na buɗe wa kowa."

"To riƙe lemarka. Saura mini shiga ɗaya."

Bayan sallar Juma'a, rana na tsakiyar ka, aka ga Abu Sakhar, mutum mai shekara hamsin da bakwai, yana hawa kan motar janwe ta Zuhdi don ya hango filin daga sama. Ya naɗe hannun riga, ya karɓi biron matarsa. Mota goma sha ɗaya suka shiga a gabansa, yana bin kowace da ido yana rubutu a fatar hannunsa, daga gwiwa har wuyan hannu: hagu, hagu, dama, tsakanin biyu, koma baya, dama. Kwana goma sha huɗu hanyar ta yi bayan da'ira. Ya sauko yana jiri, ga yunwa ga rana.

"Ba za ka iya karanta wannan a guje ba," in ji Zuhdi.

"Na sani."

"In ka ɓata ko ɗaya, shi ke nan."

"Na ce na sani. Tura."

Har da'ira ya yi gudunsa na gaskiya, ya fita daga cikinta taya na hayaƙi. Daga nan sai ya ɗage ƙafa. Gazala ta sauko, ta sauko, har ta koma giya ɗaya. Ya kalli hannunsa. Hagu. Ya juya a hankali. Ya sake kallo. Hagu.

Fili ya ɗauki sowa. Wasu na tafi da gayya, wani ya tsallako igiya yana tafiya a gefe da ƙafa, hannu a aljihu, don a ga ya fi motar sauri. Abu Sakhar na jin su sarai. Ƙafarsa ta dama ba abin da take so sai totur, gaban nan fili fetal, injin lafiya lau a karon farko a shekara, kuma shi ne da kansa yake riƙe ta. Ya ji haushi, ya ji baƙin ciki, har idonsa ya kawo ruwa, gumi kuma ya fara cin rubutun. Ya goge ido da kafaɗa ya matso da hannun kusa da fuska. Dama. Tsakanin biyu. A kwana na goma sha biyu harafin ya narke sam, ya tsaya cak yana duban tabon tawada, injin na aiki, jama'a na ihu. Ya rufe ido ya tuno jar motar da ta shiga ƙarshe. Hagu ta bi. Ya bi hagu. Tuta ba ta tashi ba.

Ya tsallake layi, ya taka birki a cikin akwatin tsayawa da aka zana a ƙasa.

"Lamba arba'in da bakwai," in ji mai lasifika, yana danne dariya. "Minti uku da daƙiƙa hamsin da biyu."

Wanda ya ci gasar a minti ɗaya da daƙiƙa goma sha ɗaya ya yi ta.

Abu Sakhar ya fito, ya tuɓe hula, ya ratsa ta tsakiyar masu dariya bai kalli kowa ba, har teburin kwamiti. Mu'utaz na zaune da rajista a gabansa, biro a hannu, bai rubuta komai ba.

"Ammi," ya ce yana sosa ƙeya, "wannan ai ba lokaci ba ne."

"Na ɓata hanya?"

"A'a."

"Wani ya tura ni?"

"A'a."

"Agogonka ya tsaya ko bai tsaya ba?"

"Ya tsaya."

"To rubuta."

Abu Sakhar ya dafa teburin da hannu biyu, ya tsaya a kan yaron har sai da ya ga biro ya sauka, ya ga uku, ya ga hamsin da biyu, a gaban sunansa. Mu'utaz ya ɗago zai rufe littafin, Abu Sakhar ya danne shafin da yatsa.

"Buɗe na baɗi," ya ce. "Sa ni a layin farko."