Ranar da Na Hau Darbejiya Ban Aika Ba

Ƙanina ne ya kawo mini zarton, tsarabar wata tafiya da ya yi sarin kaya. Abu biyu ne a kwali ɗaya: zarto mai sarƙa na yankan itace, da injin yankan ciyawa mai doguwar sanda, batir ɗaya suke rabawa. Ba fetur, ba hayaƙi. Ka sa batir, ka danna, ya kama aiki. Ni kuwa ina da wani ciwo: in sabon abu ya shigo hannuna ba na samun sukuni sai na nuna na iya shi. Matata ta san ciwon nan, shi ya sa da ta ga kwalin ta kalle ni kawai ta ci gaba da tankaɗenta.

A gidanmu na Zaitawa akwai darbejiya da ta girme ni. Wani reshenta mai kauri ya miƙa ya tsallake katangar ƙasa da ta raba mu da gidan Malam, abokina tun na ƙuruciya. Damina ta yi tsakiya, ganye ya yi nauyi, duk iskar da ta taso sai reshen ya goga katangar ƙasa ta zubo. Na daɗe ina cewa zan kira masu gatari, ban kira ba.

A cikin birni ba a hawa sama haka kawai. Ko soro za a yi wa yaɓe, ko bishiya za a sassabe, sai an aika gidajen da ke kewaye an ce za a hau, mata su kimtsa, a kwashe abin da ke ƙasa. Mahaifina bai taɓa barin mai gatari ya taka tsani ba sai ɗan aike ya je ya dawo. Na san wannan sarai. Amma gidan Malam, duk da katanga ɗaya muke, ƙofarsa a wani lungu take. Sai ka fita zaurenmu, ka bi lungu har masallaci, ka karya kwana, ka sake shiga wani lungun kafin ka isa.

Ranar Asabar ce. Da safe na ɗauki injin ciyawa na share kangon da ke gefen gidanmu tas, ina ta jin daɗin kaina. Da hantsi na cire batirin na maƙala wa zarto. Fitila uku ce da shi masu nuna caji, ɗaya kaɗai ke ci. Na gani, na ce ai reshe ɗaya ne.

Ina jingina tsani matata ta ce, “Maigida, ka aika gidan Malam a gaya wa su Hajiya?”

Na ce mata aikin minti biyar ne, kafin a zagaya a dawo na sauko. Na ce abin ma ba ƙara gare shi ba, kuma baya zan ba gidansu, ba abin da zan gani. Ta ce ita dai da an aika. Na ce in tana da wani aikin ta je ta yi. Da zafi na faɗa.

Na hau. Na ɗaura igiya a jikin reshen, na rataya ta a wata gwafa da ke sama da kaina, da niyyar in ya yanke in jawo shi ya faɗo ta wajenmu. Na danna zarto. Gaskiya yana da ci, garin itace sai feshi yake. Ya ci rabi, ya wuce rabi, sai muryarsa ta fara ja, ya yi wani gurnani ya tsaya. Na danna, na sake dannawa. Jar fitila ce kawai ke ƙiftawa.

Sai reshen ya ce ƙas.

Bakin yankan ya buɗe, reshen ya sunkuya, kuma ba wajenmu ya nufa ba. Na juya don in ga inda zai sauka. A nan na ga Hajiya, mahaifiyar Malam, zaune a kan dadduma daidai ƙarƙashinsa, tana sallar walaha. Ta tsufa ƙwarai, a zaune take salla, kunnenta kuma ya yi nauyi. Ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego lokacin da aka haife ni.

Na saki zarton ya faɗa tsakar gidanmu, na ji ya fashe, ko kallonsa ban yi ba. Na cafki igiyar da hannu biyu, na naɗe ta a damtse, na tokare ƙafa a jikin bishiya. Nauyin ya fizge ni har ƙirjina ya bugi gwafar.

Na yi sallama da ƙarfi cikin gidan, sau uku. Ba wanda ya amsa. Daga baya na ji ashe duk sun tafi suna Ƙofar Ruwa, Malam kuma yana kasuwa. Da na aika, da na san ita kaɗai ce a gidan.

Na ce wa matata ta ruga, Hajiya na ƙarƙashin reshe. Ta shiga ɗaki neman mayafi, na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Ta fizgi zanin da ke kan igiyar shanya ta yafa ta fita. Na bi ta da zuciyata: yanzu tana zaure, yanzu tana lungu. Hanyar da na raina ɗazu na ce ba ta kai a bi ba, sai ga shi ta ƙi ƙarewa.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, iska ta soma kaɗawa. Duk kaɗawar da ta yi sai reshen ya ƙara wata ƙarar, igiyar ta zame kaɗan ta ci tafin hannuna. Ina ganin ɓawon da ya rage yana tsagewa a hankali. A ƙasa Hajiya ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa, a natse, yadda ta saba. Garin itace ya yi fari a kan mayafinta da daddumarta. Na sake kiranta, Hajiya, Hajiya. Ba ta ji ba. Na roƙi Allah Ya sa raka'a biyu za ta yi ta tashi, amma ta sallame ta sake tayar da wata. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Malam.

Hannuna ya mutu, jini na bin igiyar, sai na ji an banko ƙofar zaurensu. Matata ta shigo tana haki, ta zo dab da Hajiya, sai ta ja ta tsaya. Na gane abin da ya tsayar da ita: ba ta taɓa taɓa mai salla ba, balle tsohuwa.

Na ce, “Ɗauke ta. Don Allah ɗauke ta.”

Ta sunkuce ta kamar jaririya ta yi rumfa da ita. Ban saki igiyar ba, ita ta ƙwace. Reshen ya sauka a kan daddumar, ya murƙushe butar da ke gefe, ya tafi da kan katangar.

Na daɗe a sama kafin in sauko.

Bayan la'asar na naɗe hannuwana da tsumma na bi doguwar hanyar nan da ƙafata. Malam ya dawo, ya ji komai. Ya amsa gaisuwata a zaure, bai ɗaga murya ba, bai kuma kalle ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce Hajiya ta ce in shiga.

Tana zaune a rumfa da carbi. Na durƙusa na ba da haƙuri, na faɗi laifina ban rage komai ba. Ban san ko rabin maganar ta ji ba. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ce a shafa man kaɗanya. Sannan na tambaye ta da ƙarfi, kusa da kunnenta, ko ba ta lura da komai ba tana salla.

Ta ce, “Na lura mana, ɗan nan. Tun raka'ar farko nake ganin gari yana zuba a daddumata. Har na yi niyyar matsawa. Sai na ce a raina, ba dai mutum ba ne a sama, don da mutum ne da an aiko.”

Ta ci gaba da jan carbinta. Na zauna a gabanta, hannuna a cikin nata, na kasa ɗaga kai.