Ranar da kujera ɗaya ta hargitsa min mikisa

Wasu shekaru can baya, ina da ɗan situdiyo a Talata Mafara, ɗaki ɗaya da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, mai layi takwas. Babban ciwon kaina shi ne mantuwa: in na tashi aiki, washegari sai na yi ta lalube kafin in gane wane makirfo ke shiga wane layi. Abokina da ya karanci kwamfuta ya gaji da mitata, ya rubuta min wani ɗan tsarin umarni da suke ce wa sikirif. Da na gama saiti, sai ya adana komai, wannan layin na wane ne, ƙararsa nawa, ina yake bi. Gobe in danna, komai ya dawo yadda na bar shi. Har fankama na fara yi da shi.

Sai ga wani dattijo mawaƙin noma daga Maradun. Ƙirjinsa ya fara gazawa, 'ya'yansa suna son a ɗauki babbar waƙarsa tun muryar na nan. Muka yi gwaji, na zaunar da shi a kujera da makirfo mafi kyau a layi na ɗaya, 'yan amshi a benci, mai ganga a gefe da layinsa da na rage wa ƙara sosai. Na adana.

Ranar ɗauka ya zo da yayansa daga Tsibiri, wai ya zo kallo. Bayan gaisuwar da ta kusa kai mu azahar, Baba ya miƙa wa yayan kujerar, shi ya zauna a tabarma.

Na ce, "Baba, ku koma kujerarku, can aka saita muryarku."

Ya ce, "In zamna bisa, Yaya na ƙasa? Kai ɗana, mi ka ɗauke ni?"

To, na sauko masa da makirfonsa, na koma bayan gilashin da ya raba ɗakin biyu, inda mikisa take. Ashe 'yan amshi sun ga ba za su zauna a benci ubangidansu na ƙasa ba, duk suka zubo tabarma, kowa na miƙa wa na gaba da shi makirfo cikin ladabi. Ni kuwa idona na kan kwamfuta, ina dawo da saitin da na adana, na danna ɗauka. Kafin in ɗago, Baba ya ɗauki waƙa, fitilun layuka duk suna rawa, na ce alhamdulillahi. Ya kai ƙarshe da ƙyar, tari ya sarƙe shi. Babu zancen a maimaita.

Da suka tafi na buɗe layi na ɗaya, wanda sikirif ya rubuta wa "muryar Baba". Me zan ji? Yayan ne, tar kamar a kunnena yake, yana ta "Haka na, ƙanena! Gaskiya ta!" Ashe Baba ya ga makirfon ya fi sauran kyau, ya tura wa Yaya. Shi Baba ya ja na mai ganga, muryarsa ta nutse can ƙarƙashin kiɗa. Wallahi na ji kamar in ɗaga mikisar in maka da ƙasa. Na kira abokina ina masifa, ya ce shi wayoyi ya rubuta wa sikirif, ba zumunci ba.

Na yi makonni ina ƙoƙarin tsamo muryar, ta ƙi. Haka na je Maradun ina jin kunya, na kunna masa. Lokacin ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakinsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Muryar Yaya ta hito da kyau. Bar shi hakanan."

Tun daga nan, kafin in danna ɗauka, kowa sai ya faɗi ko shi wane ne a makirfon da ke gabansa. Amma har yau in na kunna waƙar nan raina na ɓaci. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana wa manoma waƙa, sai na kasa kunne sosai kafin in jiyo shi, kuma shi bai taɓa ganin an yi asarar komai ba.