Gaisuwar da ta Kai Musaddiq Jahun

Musaddiq mutumin Kafin Hausa ne, kuma tsohuwarsa ba ta taɓa gane aikin da yake yi a Dutse ba. In an tambaye ta, sai ta ce, "Yana can yana gadin wani inji." Ba ta yi ƙarya ba. A wata hukumar gwamnati aka ba shi ɗaki mai sanyi, shi da wata baƙar kwamfuta da ake kira saba, wadda duk wasiƙun imel na ma'aikata ke bi ta cikinta. Sanyin ma don injin aka sa, shi dai albarkacinsa yake ci.

Ya kama haya a unguwar Yalwawa, matarsa Zakiyya tana koyarwa a makarantar bayan gidansu. Ba abin da yake tsoro kamar a ɗaga shi daga Dutse.

Kwatsam sai rumbun ajiyar sabar ya fara cika, wasiƙa ba shiga ba fita. Musaddiq ya share hotunan biki da katunan barka da Juma'a da ma'aikata ke jibga wa juna, rumbun ya sake cika. Darakta, Alhaji Gwadabe, ya kira shi ya ce, "In abin nan ya ƙara tsayawa, ka san muna da ofis a Jahun. Ko soket babu a cikinsa."

 Musaddiq ya duƙufa yana bin akwatunan wasiƙun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar biyu ne suka cinye rumbun: na Darakta da na mataimakinsa, Mista Bot. Mutanen nan kuwa ko ga-maciji ba sa yi, tun wata rigima a kan wanda zai ajiye mota a inuwar darbejiya.

Ashe aikin hannun Musaddiq ne. Kowannensu ya taɓa sa shi ya saka masa amsa mai tafiya da kanta, wai babban mutum ba ya barin gaisuwa a ƙasa. Wata rana sanarwar Mista Bot ta faɗa akwatin Darakta, akwatin ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Na Mista Bot ya ce, "Na samu, Allah ya ƙara girma." Shi ke nan fa. Watanni suna ta yi, kowace amsa ɗauke da na baya da ƙaton tambarin hukuma.

Maganin ba wuya, kashe guda ɗaya ne kawai. Ya je ya rusuna gaban Darakta. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in tsayar da taka."

"Ni zan fara yin shiru? Shi ya faɗi ta ƙarshe? Kai, tashi ka je ka kashe tasa."

Da ya je wa Mista Bot da maganar, sai ya riƙe baki. "Haba yarona! So kake oga ya ce ya gaishe ni na ƙi amsawa? Bar min tawa yadda take."

Musaddiq ya koma ɗakinsa ya kashe duka biyun, bai faɗa wa kowa ba. Rumbu ya sarara, wasiƙu suka ci gaba da tafiya. Ranar har tsire ya saya wa Zakiyya don murna.

Abin da bai sani ba shi ne, Darakta ya saba da buɗe waya ya ga abokin gaba yana roƙa masa ƙarin girma, kuma yana jin daɗin abin ƙwarai. Mista Bot ma haka. Da wayoyin suka yi tsit, suka yi kiciɓis a baranda.

"Kai ka sa aka rufe?" in ji Darakta.

"Ni, Yallaɓai? Na ɗauka kai ne."

Suka tsaya suka daɗe suna magana, har da tafawa. Suka yi ittifaƙi cewa yaron da zai raba manya da gaisuwa ba shi da tarbiyya. Takardar canjin wurin aikinsa ita ce ta farko da suka sa wa hannu tare ba gardama. Abin ya yi wa Musaddiq ciwo matuƙa, musamman da ya ga motocinsu biyu a inuwa ɗaya.

Yanzu kullum yana kan hanyar Jahun a motar haya, Zakiyya tana Yalwawa. In an tambayi tsohuwarsa, cewa take yi, "An karɓe injin. Yanzu ɗakin kawai yake gadi."